Garin Jos Da Kujerar Ƙaramar Hukumarsa

Ta kowace hanya matafiyi ya nufi Jos, ba makawa sai ya yi hawa. Wanda ya taso daga Zariya ya biyo ta Pambeguwa da Saminaka, da zarar ya wuce Jengre zai ji kukan motar ya sake, iska kuma ta fara sanyi. Wanda ya fito daga kudu ta Akwanga sai ya haye Hawan Kibo, inda manyan motoci ke jan jiki suna nishi. Na Bauci kuwa zai ratsa Toro da Tilden Fulani, duwatsun Shere suna hannunsa na hagu, har ya faɗo Naraguta. Garin yana bisa tudu ne mai tsayin kimanin mita 1,200 daga gaɓar teku, watau wajen ƙafa 4,000, saboda haka baƙon da ya iso cikin watan Disamba ba bargo, kafin gari ya waye zai san ya zo Jos.

Abin da ke fara ɗaukar idon baƙo shi ne duwatsun da ke ɗore bisa juna kamar da hannu aka jera su, da kududdufan da masu haƙar kuza suka bari, da buhunan dankalin Turawa da kabeji da karas a kasuwar Farin Gada, waɗanda ake loda wa motoci zuwa Legas da Fatakwal da Kano. Masu masauki za su kai shi gidan adana kayan tarihi wanda aka buɗe a 1952, su nuna masa gidan namun daji da jami'a. Amma akwai wurin da ba a kai baƙo, alhali kuwa tun daga 1991 babu inda ya kai shi tasiri a kan zaman garin. Wannan wuri shi ne ofishin Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa. Ofis ne irin na kowace ƙaramar hukuma a Nijeriya, da akawuna da masinjoji da tulin fayil, da mutane zaune bisa benci suna jiran sa hannu. Duk da haka, a kan kujerar shugabansa an yi asarar ɗaruruwan rayuka, kuma don tsoron abin da zai biyo baya an sha hana mutanen garin jefa ƙuri'a shekara da shekaru.

Kuza Ce Ta Tara Su

Kafin zuwan Turawa, ƙasar da garin yake a kai gonaki ne da ƙauyukan Birom da Anaguta da Afizere, waɗanda Hausawa ke kira Jarawa. Mafi yawan mutanen tudun ba su shiga ƙarƙashin sarakunan da ke kewaye da su ba, don duwatsu sun tsare su daga dawaki. Kuza kuwa an daɗe da saninta a wannan yanki, domin maƙeran Liruwe sun jima suna narka ta, fatake suna kai ta kasuwanni masu nisa. Da Turawan Kamfanin Neja suka ga wannan farin ƙarfe a hannun fatake, sai suka bi sawunsa. A farkon shekarun 1900 wani injiniya mai suna Laws ya kafa sansani a Naraguta, sa'an nan kamfanoni suka yi ta kwararowa.

Haƙar kuza aiki ne na hannu da yawa. Lebura suka zo daga Kano da Katsina da Zazzau da Bauci da Barno, akawuna da kafintoci da direbobi suka zo daga ƙasar Yarbawa da ta Ibo da ta Urhobo, har da mutanen Gana da Saliyo. Ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso a 1914, babban layi daga Kafancan ya biyo baya a 1927. Wajen 1915 aka shata garin Jos, a 1926 kuma aka yanke Lardin Filato, Jos ta zama mazaunin Razdan. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da Ingila ta rasa kuzar Malaya, sai aka shiga kwaso mutane daga lardunan Arewa a kan tilas, abin da talakawa suka sa wa suna diban gwamna. Da yawa sanyi da cuta suka kashe su a ramuka, wasu suka koma gida, wasu kuma suka zauna suka hayayyafa.

Turawa ba su haɗa mutanen nan ƙarƙashin hukuma guda ba. Su kansu suna bariki. Akwai sashen gari da Bature ke riƙe da shi kai tsaye, inda ma'aikata da 'yan kasuwa na kudu suka fi yawa. Akwai kuma garin baƙar fata, wanda ke ƙarƙashin En'e, inda Hausawa suka fi yawa, da alƙalinsu da masu unguwanninsu. Masu ƙasar kuwa galibinsu suna ƙauyuka, suna kallon gonakinsu na komawa ramuka. Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane, kuma zanen da aka yi wa Jos a wancan zamani shi ne ake fama da shi har yanzu.

A farkon zamanin, shugabannin Hausawa ne ke riƙe da garin baƙar fata. A 1947 sai Turawa suka naɗa Rwang Pam sarkin Birom, daga bisani sarautarsa ta game Jos, ita ce ake kira Gbong Gwom Jos. Bayan rasuwarsa a 1969 Fom Bot ya gaje shi, sai Victor Pam, sai Jacob Gyang Buba wanda aka naɗa a 2009. Hausawan Jos suna cewa shugabanninsu na farko sarakunan Jos ne, an karɓe musu sarauta. Birom da Anaguta da Afizere suna cewa waɗancan sarakunan Hausawan Jos ne kawai, ba sarakunan ƙasa ba. Kowane ɓangare yana da takardun Turawa da yake kafa hujja da su.

Abin Da Sunayen Mazaɓu Ke Faɗi

Wanda yake son ya fahimci siyasar garin, ya fara tafiya daga shataletalen Taminus, inda titin Ahmadu Bello ke cike da masu kasa kaya, kusa da kangon babbar kasuwa. Daga nan in ya nufi wajen Masallacin Juma'a da Dilimi, inda ake sayar da kayan gyaran mota, zai shiga tsohon gari mai lunguna a miƙe kamar an ja su da zare. In ya bi titin Bauci zai kai Unguwar Rogo da jami'a. In ya juya yamma zai ratsa Apata da Jenta, ya kai Gada Biyu da Kabong. Duk wannan bai fi tafiyar wuni guda a ƙafa ba, amma a cikin wannan fili ƙidayar 2006 ta sami mutum fiye da 400,000.

Hukumar zaɓe ta ƙasa ta kasa Jos ta Arewa mazaɓu 14, kuma sunayensu kaɗai sun isa tarihi. Akwai Abba na Shehu, da Ali Kazaure, da Garba Daho, da Ibrahim Katsina, waɗanda sunayen manyan garin ne na da. Akwai Gangare, ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin Hausawa. Akwai Sarkin Arab. Akwai Vanderpuye, sunan da aka fi sani a ƙasar Gana. Akwai Tafawa Balewa, sunan Firayim Minista na farko. Sai Jos Jarawa mai ɗauke da sunan Afizere, da Naraguta ta ɗaya da ta biyu masu ɗauke da sunan Anaguta, da Jenta Adamu, da Jenta Apata, da Tudun Wada wadda aka haɗa da Kabong.

Waɗannan sunaye kowa da yadda yake karanta su. Ɗan Birom zai nuna Kazaure da Katsina ya ce ga shaida nan, sunan ma ya faɗi inda aka fito. Bahaushen Jos zai nuna sunan nan dai ya ce ga shaida nan, ba a sa wa unguwa sunan mutumin da ya zo jiya. Dukansu gaskiya suka karanta a jikin allo guda.

Girman mazaɓun ma abin gardama ne. Na tsohon gari ƙanana ne, a matse, alhali Naraguta ta biyu da Tudun Wada da Kabong sun yi faɗi ƙwarai, domin ta can garin ya yi ta yaɗuwa. Tun da kowace mazaɓa kansila guda take bayarwa, duk wanda zai taɓa iyaka sai an tuhume shi da son rai. Gwamnatin jiha tana da nata rabon mazaɓun da take amfani da shi a zaɓen ƙananan hukumomi, wanda ya fi na hukumar ƙasa yawa.

Daga En'e Zuwa Ƙaramar Hukuma

Jos ta daɗe da sanin siyasa. A nan ne Jam'iyyar Mutanen Arewa ta yi taronta na Disamba 1950, inda masu ra'ayin sawaba da masu ra'ayin sarakuna suka raba gari. Cikin shekarun 1950 jam'iyyun NEPU da NCNC suna da ƙarfi a cikin gari, NPC tana neman nata rabon, a ƙauyuka kuma masu neman jihar Tsakiya ne ke da baki. A wancan zamani mai zaɓe yakan nemi akwati mai tauraro ko mai zakara ko mai fartanya ya jefa takardarsa, kuma maza kaɗai ke jefawa a Arewa. Rabuwar ta jam'iyya ce, domin Bahaushe ɗan NEPU ya fi kusa da Ibo ɗan NCNC a kan Bahaushe ɗan NPC.

A 1967 Jos ta zama hedkwatar Jihar Binuwai da Filato ƙarƙashin Joseph Gomwalk, a 1976 kuma ta zama ta Jihar Filato. A wannan shekara ce gwamnatin soja ta rushe tsarin En'e, ta kafa ƙananan hukumomi iri ɗaya a ƙasa duka, ta ba su kaso daga asusun tarayya. A zaɓen da ya biyo baya ne matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a. A lokacin Ƙaramar Hukumar Jos guda ce, ta haɗa cikin gari da Bukur da ƙauyuka masu yawa, saboda haka ƙuri'un ƙauye sun rinjayi na birni, kuma babu wanda ya yi shakkar inda rinjaye yake.

A 1991 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙirƙiro sababbin ƙananan hukumomi, ta raba Jos biyu, watau Jos ta Arewa mai ɗauke da ƙwaryar gari, da Jos ta Kudu mai hedkwata a Bukur. A 1996 aka ƙara yanke Jos ta Gabas mai hedkwata a Angware. Wannan rabo na 1991 ya sauya lissafi gaba ɗaya. Ƙauyukan Birom da yawa suka faɗa kudu, fadar sarkinsu kuwa ta rage a arewa, a inda Hausawa ke da yawan da za su iya cin zaɓe. Birom da Anaguta da Afizere suka ɗauki abin a kan an yanka wa Hausawa ƙaramar hukuma ne da gangan. Hausawa suka ɗauke shi a kan an mayar musu da muryar da suka rasa tun zamanin Turawa. A zaɓen farko, a zamanin jam'iyyu biyu na SDP da NRC, Alhaji Sama'ila Muhammad ne ya hau kujerar.

Takardar Da Ake Faɗa A Kanta

In aka duba aikin da tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma, ba za a ga abin zubar da jini ba. Aikinta kula da kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da maƙabartu, da kwashe shara, da gyaran lambatu da ƙananan tituna, da sa wa tituna suna da gidaje lamba, da rajistar haihuwa da mutuwa da aure, da taimakawa wajen makarantun firamare da ƙananan asibitoci. Waɗannan ayyuka ba su da ƙabila ba su da addini.

Amma akwai wani aiki guda wanda al'adar mulki ta bar wa shugaban ƙaramar hukuma, shi ne ba da takardar shaidar zama ɗan asalin wuri, wadda mutanen gari ke kira takardar indijin. Tun daga tsarin mulkin 1979 aka shimfiɗa ƙa'idar raba muƙamai daidai tsakanin jihohi, don kada wani yanki ya danne wani. Niyyar mai kyau ce, sai dai ta haifar da tambayar wane ne ɗan jiha, kuma amsar tana hannun wanda ke sa hannu a ofishin ƙaramar hukuma. Yaron da ba shi da wannan takarda zai sha wuya wajen shiga soja ko ɗan sanda ko kwastan, da samun gurbin jiharsa a jami'a, da tallafin karatu, da aikin gwamnati. Ko da ya fi kowa maki, takardar ake fara tambaya.

Birom da Anaguta da Afizere suna cewa ƙasar nan ta kakanninsu ce, ba su da wata, kuma sun riga sun rasa gonaki a ramukan kuza. Suna cewa ɗansu da aka haifa a Sabon Garin Kano ba zai sami takardar Kano ba, balle ya yi mafarkin shugabancin ƙaramar hukuma a can, don me za a nemi su ba da abin da ba a ba su a wani wuri? Hausawan Jos, waɗanda ke kiran kansu Jasawa, suna cewa kakanninsu sun fi shekara 100 a nan, a nan aka binne su, da guminsu aka gina garin, kuma in jikansu ya tafi Kano ko Katsina neman takarda, ce masa za a yi ya nuna gidan ubansa, shi kuwa gidan ubansa yana Gangare. Ibo da Yarbawa da Urhobo, waɗanda su ma sun daɗe ƙwarai, galibi ba su nemi takardar ba, amma ƙuri'unsu suna da nauyi, kuma in wuta ta tashi shagunansu ba su tsira.

Muddin kujerar ciyaman ita ce mabuɗin wannan takarda, mai zaɓe a Jos ba ya tambayar wane ne zai gyara lambatu. Abin da yake tambaya shi ne, in wancan ya hau, ɗana zai sami takarda ko ba zai samu ba? Ba Jos kaɗai ke da wannan ciwo ba. An ga irinsa a Tafawa Ɓalewa a 1991, da Zangon Kataf a 1992, da Warri da Ife da Modakeke a 1997, inda rikici kan kasuwa ko mahauta ko mazaunin hedkwatar ƙaramar hukuma ya koma rikicin wane ne mai gari.

Shekarun Tashin Hankali

A watan Afrilu na 1994 gwamnan soja, Laftanar Kanar Muhammad Mana, ya naɗa Alhaji Aminu Mato shugaban kwamitin riƙon Jos ta Arewa. 'Yan asalin ƙasa suka yi zanga-zanga suka hana a miƙa masa ofis, gwamnati ta dakatar da naɗin, Jasawa su ma suka fito tasu zanga-zangar. Ran 12 ga Afrilu aka yi arangama, aka ƙona dukiya, aka rasa rayuka. Hukumar bincike ta Mai Shari'a Fiberesima ta zauna ta rubuta rahoto.

A zaɓen Disamba 1998 Frank Tardy ya ci kujerar, kuma a zamaninsa ne Jasawa suka yi ta kukan an daina ba su takarda. A 2001 gwamnatin tarayya ta naɗa Alhaji Muktar Muhammad jami'in shirin yaƙi da talauci na Jos ta Arewa, gardama ta sake tashi, takardun barazana suka yi ta yawo. Ran Juma'a 7 ga Satumba wata 'yar hatsaniya a bakin wani masallaci a unguwar Kongo Rasha ta zama gobarar da ta ci garin kwana shida. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ta Human Rights Watch ta ƙiyasta mutum wajen 1,000 ne suka mutu. Hukumar Mai Shari'a Niki Tobi ta zauna. A watan Fabrairu na 2002 babbar kasuwar Taminus, wadda ake alfahari da ita a Afirka ta Yamma, ta ƙone.

Da aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a 2004, sai aka tsallake Jos ta Arewa. Ran 18 ga Mayu na wannan shekara, bayan kashe-kashen Yalwan Shandam, Shugaba Obasanjo ya kafa dokar ta-ɓaci a jihar, ya dakatar da Gwamna Joshua Dariye, ya naɗa Janar Chris Alli kantoma na wata shida. Taron zaman lafiya da aka kira a lokacin ya yanke cewa Birom da Anaguta da Afizere su ne 'yan asalin Jos, kamar yadda hukumomin bincike na baya suka faɗa. Wakilan Jasawa suka ƙi sa hannu.

Sai ran Alhamis 27 ga Nuwamba 2008, a zamanin Gwamna Jonah Jang, aka sake kafa rumfunan zaɓe a Jos ta Arewa. Timothy Gyang Buba ya tsaya wa PDP, Alhaji Aminu Baba ya tsaya wa ANPP. Jefa ƙuri'a ya wuce lafiya, mutane suka yi dogayen layuka har yamma. Amma an kai tattara sakamako Kabong maimakon ofishin ƙaramar hukuma, magoya bayan ɓangarorin biyu suka kwana a bakin wurin suna gadin ƙuri'unsu, jita-jitar maguɗi ta bazu cikin dare. Kafin hantsin Juma'a hayaƙi ya rufe garin. Cikin kwana biyu aka kashe aƙalla mutum 700 bisa lissafin Human Rights Watch, wadda kuma ta tattara shaidar cewa fiye da 130 daga cikinsu jami'an tsaro ne suka harbe su. Ana cikin wannan hali hukumar zaɓe ta jiha ta bayyana ɗan takarar PDP a kan shi ya ci. Gwamnatin jiha ta kafa hukumar Bola Ajibola, ta tarayya ta kafa kwamitin Janar Abisoye. A Janairu 2010 wuta ta sake tashi.

Baƙon da ya zaga garin zai ga tabon waɗannan shekaru ko ba a nuna masa ba. Akwai kangaye a kan iyakar unguwanni, ciyawa ta fito a tsakar ɗakunansu. Unguwannin da a da suke gauraye sun rabu, Musulmi suka tattaru a irin su Unguwar Rogo da Gangare da Rikkos, Kirista suka tattaru a irin su Kabong da Jenta Adamu da Unguwar Rukuba. Mutane da yawa sun sayar da gidajen da aka haife su a ciki, ko sun yi musaya da wanda ke neman tsallakowa.

Garin Da Aka Hana Zaɓe

Maganin da gwamnatoci suka fi ba wannan ciwo shi ne hana zaɓe. A Fabrairu 2014 aka yi zaɓe a jihar, aka tsallake Jos ta Arewa da Wase. A Oktoba 2018, zamanin Gwamna Simon Lalong, aka sake tsallake ta tare da Jos ta Kudu da Barikin Ladi da Riyom. Daga 2008 zuwa 2021, shekara 13 ke nan, mutanen Jos ta Arewa ba su zaɓi ciyaman ko kansila ba, alhali sashe na 7 na tsarin mulki ya tabbatar wa kowace ƙaramar hukuma zaɓaɓɓun shugabanni. Yaron da yake aji ɗaya na firamare a 2008 ya gama sakandare bai ga iyayensa sun zaɓi kansilan unguwarsu ba. A cikin waɗannan shekaru sun zaɓi shugaban ƙasa da gwamna da 'yan majalisa sau uku, a rumfunan nan dai.

Kantoma da kwamitin riƙo gwamna ke naɗa su, saboda haka fuskarsu tana wajen gidan gwamnati, ba wajen unguwa ba. Abin da ake rasawa a irin wannan zama ƙanana ne a ido, amma su ne rayuwar talaka, watau kwalbatin da ya toshe, da juji a bakin makaranta, da ginin da aka yi a kan hanyar ruwa ba wanda ya hana. A watan Yuli na 2012, cikin shekarun da garin ba ya zaɓe, ruwan sama mai ƙarfi ya sauko cikin dare, ambaliya ta bi ta Rikkos da unguwannin da ke bakin rafi, ta kashe mutum fiye da 30, ta rushe gidaje masu yawa. Kasuwar Taminus kuwa shekara 20 bayan gobararta ba a gina ta ba, kuma da gwamnatin jiha ta yi shirin gina ta tare da bankin Jaiz a 2022, sai maganar ta koma gardamar wa zai mallaki rumfuna, shirin ya tsaya.

Ran 9 ga Oktoba 2021 aka koma rumfunan zaɓe, Shehu Bala Usman na APC ya hau kujerar, sai dai hukumar zaɓe ta jiha ta hana PDP shiga takarar. Ran 9 ga Oktoba 2024, zamanin Gwamna Caleb Mutfwang, aka sake zaɓe, John Kyohroh Christopher na PDP ya hau. Abin lura shi ne, a 2008 da 2021 da 2024, kowane karo jam'iyyar gwamnan lokacin ce aka bayyana ta ci. Wannan ba a Filato kaɗai ake ganinsa ba, domin hukumomin zaɓe na jihohi gwamnoni ke naɗa su, kuma da wuya a ji inda suka kayar da jam'iyyar mai gida. Amma a garin da aka taɓa kwana a bakin wurin ƙidaya don rashin yarda, irin wannan sakamako ba ya ƙara wa kowa natsuwa.

Duk da haka akwai abin da ya kamata a faɗa. Zaɓen 2021 da na 2024 sun wuce garin bai ƙone ba. Dattawan unguwanni da limamai da fastoci da shugabannin matasa sun sha zama a teburi guda, jihar kuma ta kafa hukumar wanzar da zaman lafiya a 2016. Ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon maye gurbin zaɓaɓɓu da kwamitin riƙo. In aka bi wannan hukunci, hana zaɓe zai daina zama hanya mai sauƙi.

Maganar takarda kuwa ta fi ƙarfin ciyaman, ta fi ƙarfin gwamna. Doka ce ta ƙasa baki ɗaya za ta iya fayyace haƙƙin wanda aka haifa a gari, ya yi aure a ciki, ya biya haraji a ciki, ba tare da an tauye wa masu ƙasa sarautarsu da gonakinsu ba, kuma sai dokar ta yi aiki a Kano da Inugu da Ibadan kamar yadda za ta yi a Jos. A 2025 Mataimakin Shugaban Majalisar Wakilai, Benjamin Kalu, ya gabatar da ƙudurin ba da wannan matsayi ga wanda ya shekara 10 a wuri, ya janye shi bayan suka daga sassa da yawa.

Kafin a kai ga wannan, garin yana ci gaba da sha'aninsa. Da asuba manoman Birom da Irigwe da Afizere suna sauke kayan lambu a Farin Gada, dillalai Hausawa suna ciniki, direbobin Ibo da Yarbawa suna jiran lodi, kuma bashi yana tafiya tsakaninsu a kan amana ba tare da an nemi takardar kowa ba. Mutanen da suka iya wannan ciniki kullum safiya, ba abin mamaki ba ne in sun iya zaɓen wanda zai kwashe musu shara, matuƙar an bar su sun jefa ƙuri'a a kan lokaci, an kuma ƙidaya ta a gabansu.